Man Birkin Likita

Aldana Quiroga ta kwance murfin robar man birki, wari ya bugi hancinta tun kafin ta leƙa. Man da ya kamata a ce yana nan garai kamar sabon man gyaɗa ya rine, ya koma kalar baƙin shayin da ya kwana. Ta zaro 'yar na'urar gwaji daga aljihun rigar aikinta, wata aba mai kama da biro, ta tsoma bakin na'urar a ciki. Fitilun jikinta suka kama ɗaya bayan ɗaya, kore, ruwan ɗorawa, har ta ƙarshe, ja. Ta goge ta sake tsomawa. Ja.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Mahaifinta, Don Celso, bai ko waiwayo ba. Yana jingine da ƙofar motar, ƙoƙon mate a hannu, shayin nan da ake zuƙa da tsinke a miƙa wa juna, yana ƙyaƙyata dariyar labarin da mai motar ke ba shi. Likita Oyola ne, mai asibitin haƙori a tsakiyar gari. Ya sha sabuwar rigar tsere fara mai ratsin ja, ko karin ninkin da ta zo da shi daga kanti bai baje ba.

Lahadin farko ce ta wata, ranar da ƙungiyar masu motocin gudu ke ɗaukar hayar filin tseren bayan gari, kowa ya kawo motar da yake zuwa ofis da ita ya sakar mata wuta. Mota talatin da biyu ce yau. Doka ta ce babu wadda za ta taka kwaltar filin sai an duba ta an manna mata koriyar sitika a gilashin gaba, kuma shekara ashirin da shida ke nan Don Celso ne mai dubawa, shi ne mai mannawa. Da gwiwarsa ta fara damunsa kwanakin baya, sai ya ce 'yarsa ta riƙa zuwa tana duƙa masa. Wadda ta yi shekara biyar a jami'a tana karatun injiniya, in ji shi, ai ba za ta kasa duƙawa ba.

Sau biyu ta zo ta duƙa, ta gani, ta yi shiru. Ta ga yadda ake duba mota a nan. A shuri taya da ƙafa. A girgiza sitiyari. A tambayi lafiyar iyali. A zuƙi mate a miƙa wa na kusa. Sannan mahaifinta ya ɗauki takardar da aka jera abu ashirin da biyu da za a duba, ya ja biro daga sama har ƙasa sau ɗaya, ya rattaba hannu. A makon jiya ta sayi na'urar nan, ta rantse wa kanta ba za ta sake komawa gida da wannan ɗacin a baki ba.

"Baba!"

"Ina ji, ai ban kurumce ba. Mene ne?"

"Man birkin nan ya sha ruwa. Ya mutu. Motar nan ba ta shiga fili."

Likita Oyola ya zagayo gaban motar yana murmushi, haƙoransa a jere farare kamar tallar sana'arsa. "To fa! Injiniya ta yi magana. Celso, ashe yanzu da ma'aunin zafin jiki kuke duba mota? Zazzaɓi take yi, ko mura?"

"Likita, yaushe rabon a canza wannan man?"

"A canza? Don me? Ga shi nan cike har wuya. Shekara shida motar nan tana hannuna, ko ɗigo bai taɓa raguwa ba."

Ya faɗi haka ne da alfahari, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Sannan ya kamo hannun rigarta ya shiga zagayawa da ita. Wata uku yana shirya motar nan, in ji shi. Ga sabuwar salansa, ta saurari ƙararta tukuna. An taɓa kwamfutar injin an ƙara masa ƙarfi. Ga baƙaƙen gargare, ga lamba bakwai a ƙofa, ga kyamara a rufi, ga wata a ciki don ta ɗauki fuskarsa. A bayan motar, jikin ƙugiyar ja, an ɗaura jan ƙyalle don maganin baki da hatsari. Ya tuna da ƙyalle. Duk abin da zai sa mota ta tafi ya saya, abin da zai sa ta tsaya kuwa ko sau ɗaya bai faɗo masa a rai ba.

"Ka saurare ni minti ɗaya," in ji Aldana. "Man birki kamar gishiri yake, yana tsotsar ruwa daga iska. A titi ba za ka taɓa sani ba, don sau nawa kake taka birki da ƙarfi a wata? A nan kuwa sau takwas za ka danne shi a kowane zagaye. Kafin zagaye na huɗu ruwan nan ya tafasa ya zama tururi. Za ka sauko gangaren can a guje, ka taka birki, ƙafarka ta lume har ƙasa kamar ka taka burodi."

"Daga gida na zo da ita yau, kilomita arba'in. Birki kamar wuƙa."

"Ina da kwalba biyu na sabon mai a motar Baba. Minti arba'in kawai, mu zubar da wannan mu zuba sabo."

"Minti arba'in!" Ya duba agogo. "In rasa fitar farko ke nan? Mai hoto da safe kawai yake tsayawa. Kuma na yi wa 'yata Candela alkawari, yau ta cika shekara sha tara, ita ce a gefena." Ya nuna wata doguwar budurwa da ke tsaye can gindin rumfa, rungume da hular kwano kamar wadda aka ba ta ajiyar kankana.

"Da mutum ma a ciki," Aldana ta ce a hankali.

Hayaniyar ta jawo Pelado, wato Mai-sanƙo, shugaban ƙungiya, wanda sanƙonsa ya cinye masa sunan yanka tun da daɗewa. Daga wurin gashi ya taso, hannu duk gawayi, don shi ne ke kula da haƙarƙarin saniyar da za a ci da rana.

"Me ya faru, 'yata? Wa ya taɓa mana injiniya?"

"Wai zan kashe kaina a Kwanar Ramiro," in ji Likita.

Aka kwashe da dariya. Kwanar Ramiro ita ce ta ƙarshen gangare. Bara waccan wani mai sayar da taki, Ramiro, ya iso ta birki ya ƙi, ya shige cikin tarin tayoyi, ya karya ƙashin wuya da haƙarƙari uku. Babu wanda ya buɗe bonet ɗin motarsa ya tambayi dalili. Abin da aka yi shi ne aka raɗa wa kwanar sunansa, har da ɗan allo, kuma duk wanda ya wuce ta wurin sai ya danna hon.

"'Yata, wasa muke yi a nan, ba gasar duniya ba," Pelado ya ce yana dafa kafaɗarta, ya bar mata shatin yatsu baƙaƙe. "Shekara nawa muna yi? Wa ya taɓa mutuwa? Allah na kiyayewa. Ki saki ranki, na ware miki wurin da ya fi kitse."

Don Celso ya miƙa ƙoƙon mate ga na kusa da shi, ya kama gwiwar hannunta ya ja ta bayan motarsu.

"Ke, kunya za ki ba ni a gaban mutane?"

"Baba, kai ka koya mini shinshina man birki ina 'yar shekara tara. Zo ka shinshina. Ba sai da na'ura ba."

"Na san abin da ke ciki."

"To?"

"To me? Mutumin nan ba ya gudu. Baki ne kawai da riga. Na gan shi sau nawa, tun daga rabin gangare yake ɗaga ƙafa, tsohuwa ma sai ta wuce shi a keke. Birkinsa ba zai ko ɗumama ba."

"An ƙara wa injin ƙarfi. Ga kyamara. Ga 'yarsa a gefe yana son ya burge ta. Yau zai yi gudu."

"Aldana." Ya rage murya. "Rabin motocin da ke shigowa garejina na mutanen nan ne. Likita shi ya yi mini haƙoran da nake cin nama da su. A nan ba a ce wa mutum motarsa ba ta isa ba. Ba a yi. Ku 'yan makaranta komai sai kun sa shi a takarda, ba ku san yadda ake zama da mutane ba."

"Zama da mutane ke nan, ka bar su su je su fasa kai?"

"Ya isa. Je ki zauna."

Tana kallo ya koma, yana ɗan ɗingishi, ya ja biro daga sama har ƙasa, ya ɓare sitika ya manna a gilashin Likita, ya shafe ta da babban yatsa don ta zauna sosai. Aka tafa masa. Wani ya ce, "Tsohon hannu ke nan!"

Aldana ta hau kan katangar da ta raba wurin ajiye motoci da filin ta zauna. Motar Likita ita ce ta tara. Sauran ashirin da ukun mahaifinta ya gama da su shi kaɗai cikin kwata ɗaya na awa, ba tare da ya buɗe bonet ko ɗaya ba. Tana ganin wata farar mota da tayoyinta suka suɗe kamar tafin hannu. Tana ganin wata da aka bar gorar ruwa tana gangarawa a ƙarƙashin kujerar direba, inda za ta iya shigewa bayan birki. Duk sun sami sitika.

Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne babu jahili a cikinsu. Lauyoyi ne, da likitoci, da masu gonakin waken soya, mutanen da idan aka kawo musu nama bai gasu yadda suke so ba sai sun mayar da shi. Sun san ingancin ruwan inabi daga ƙamshinsa. Za su kwashe awa guda suna gardamar wace taya ce ta fi kama kwalta a ƙasar Jamus. Amma a ce musu ga abin da zai kashe ku, sai su dafa kafaɗarki su ce Allah na kiyayewa, kamar Allah yaron garejinsu ne da suka bar wa aikin da suka ƙi yi. Haka gadar garin take, haka wayoyin wutar asibiti suke, haka komai. Ana lallaɓawa, ana dariya, ranar da abu ya fashe a raɗa masa suna a kafa allo.

Hayaƙin kitse ya taso daga wurin gashi ya gauraya da na fetur. Ta kau da fuska.

"Sannu. Don Allah ko za ki ɗaure mini wannan? Na kasa gane igiyar."

Candela ce. Ta kifa hular kwanon a kai, ta yi mata yawa, tana rawa. Aldana ta sauko ta kama igiyar. Idon yarinyar na can kan gangare.

"Kina son shiga kuwa?"

"Ni? Ko lilon wasan yara ba na iya hawa." Ta yi 'yar dariya. "Amma wata uku yana maganar nan. Tunda suka rabu da Mama ba shi da abin da yake nuna mini sai motar. Idan na ce a'a, fuskarsa za ta yi wani iri."

"Kin ji abin da na ce game da birkin?"

"Na ji. Amma ai babanki ya duba ya ce lafiya. Baba ya ce Don Celso bai taɓa kuskure ba." Ta kalle ta ta cikin gilashin hular. "Ba haka ba ne?"

Aldana ta tsaya da igiyar a hannu. Lasifika ta kira rukunin farko su shiga layi. Injuna suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, salansar Likita ta danne ta kowa.

Maimakon ta ɗaure, sai ta zare igiyar, ta cire hular daga kan yarinyar.

"Ara mini. Ke kya shiga a fita ta biyu."

Ta sami Likita yana gyara safar hannu a cikin mota. Ta sunkuya ta taga, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Likita, na yi maka rashin kunya ɗazu. Bari in shiga wannan fitar in gani da idona. Idan birkinka ya kai ƙarshe lafiya, a wurin cin nama zan tashi tsaye in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Fuskarsa ta washe. "Kun ji ko? Ku zama shaida! Shigo, Injiniya, shigo ki ga aiki. Candela, bari in fara koya wa wannan darasi, naki na zuwa." Ya daki sitiyari. "Yau sai na nuna miki abin da ba a koyarwa a jami'a. Ba zan ɗaga ƙafa ba sai na ga allon Ramiro."

Ta zagaya ta shiga. Kujerar ta yi ƙasa sosai, kamar an zauna a kan kwalta. Ta ja bel ta ɗaure, ta kifa hular, ta ji warin turaren gashin Candela a ciki. Sai a lokacin tsoro ya zo mata, na gaske. Ta san lissafin. Ta san gudun da motar za ta kai a ƙarshen gangare, ta san tazarar da ke tsakanin kwanar da tarin tayoyi, ta san cewa gefen fasinja ne ke fara isa. Ta ƙara jan bel ɗin. Idan tsohon bai kula ba fa? Idan ya kula ya kau da kai?

A bakin ƙofar shiga fili Don Celso ke tsayawa da koriyar tuta. Kowace mota ta zo, ya duba sitika, ya daki rufinta sau biyu, ya kaɗa tuta. Mota huɗu ce a gabansu. Ta farko ta wuce. Ta biyu. Likita na ta wasa da totur, motar na zabura tana tsayawa. Ta uku. Ta huɗu.

Suka iso. Don Celso ya dubi sitika, ya ɗaga hannu zai daki rufi, ya sunkuyo don ya yi wa yarinyar gefe barka da ranar haihuwa. Aldana ta ɗaga gilashin hular.

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Me kike yi a nan?"

"Yawo za ni, Baba."

"Fito."

"Don me? An duba motar. Ga sitika."

"Na ce ki fito!"

"Celso, ƙyale ta mana," in ji Likita yana dariya. "Ita ta nema. Matsa, kana tare mana hanya."

Na baya suka fara danna hon. Pelado ya taho da gudu-gudu, tumbi na rawa, yana tambayar me ya tsayar da layi. Don Celso ya kama marfin ƙofar ya ja. Aldana ta riga ta danna makulli.

"Aldana, kada ki yi mini haka."

"Kai ka ce ba ya gudu. Kai ka ce birkin ba zai ko ɗumama ba. Kaɗa tutar."

Ta zuba masa ido. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dubi gangaren can nesa, inda motar farko ta riga ta fara sauka tana kuka. Ya dubi 'yarsa. Sannan ya jefar da tutar a ƙasa, ya zagaya gaban motar, ya sa farcen babban yatsa a gefen sitikar. Ta kama sosai, shi ya shafe ta da kansa. Sai da ya kankare ta guntu-guntu.

"Motar nan ba ta shiga," ya ce.

Likita ya leƙo da kai. "Kai, Celso, ka haukace? Kai fa ka manna!"

"Ni na ɓare. Juya ka kai ta rumfa. Man birkinta ya mutu."

"Yanzu ka sani?"

Don Celso ya karkaɗe guntayen sitikar daga yatsansa. Hon ya yi shiru, don na baya sun fito suna kallo. A cikin shirun ne aka ji wata siririyar murya daga bakin katanga.

"Don Celso." Candela ce, ta riƙe ƙarfen katangar da hannu biyu. "Da ni ce a ciki fa?"

Babu wanda ya yi dariya. Pelado ya sunkuya ya ɗauki tutar, ya karkaɗe ta, ya shiga kaɗa wa na baya hannu su zagaye ta gefe. Cikin minti ɗaya layi ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Likita kuwa bai ko ji tambayar 'yarsa ba. Yana ta faɗa a kan mai hoto, da wata ukun da ya ɓata, da yadda ba zai sake kawo ko keke garejin Quiroga ba.

A rumfa suka ɗaga motar a kan jak. Likita ya tafi wurin gashi yana kai ƙara. Candela ta zauna a kan wata tsohuwar taya nesa da su, ta juya musu baya.

Canza man birki aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance noti. Don Celso ya shiga ya zauna ba tare da an ce masa ba. Aldana ta cika robar da sabon mai, ta cire tayar baya, ta sa siririn tiyo a bakin notin, ɗaya bakin a cikin gora.

"Taka."

Ya taka.

"Riƙe."

Ta kwance. Baƙin mai ya tsarto cikin gorar, da ƙananan kumfa a cikinsa. Ta ɗaure.

"Saki. Taka."

Haka suka yi ta yi. Ta ɗauka idan ta yi nasara za ta ji daɗi, ko sanyi a rai. Babu ko ɗaya. Da a ce tsufa ne, ko ido, ko bai yarda da na'urarta ba, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma ya sani. Ya sani tun kafin ta buɗe murfin, ya sani ranar Ramiro, ya sani shekara ashirin da shida. Ashe dubawar tana aiki, ga wanda ya haifa ne kawai.

A taya ta uku ya yi magana, bai leƙo ba.

"Da ban gan ki ba fa? Da na kaɗa?"

"Da mun tafi."

"Uwarki za ta kashe ni idan ta ji."

"Riƙe."

Ya riƙe. Can cikin fili motoci na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta isa ƙarshen gangare sai a ji tayoyi sun yi ƙara, sannan hon.

"Na rasa Likita," ya ce. "Gobe kowa ya ji. Kin huta?"

"Saki."

Man da ke fitowa ya fara washewa, ya koma garai. Ta ɗaure notin ƙarshe, ta mayar da taya, ta sauke jak. Don Celso ya danna birkin sau uku, ya tsaya masa ƙyam a ƙarƙashin ƙafa. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi idan aiki ya yi kyau, ya jira ta ce wani abu.

Lasifika ta kira rukuni na biyu. Aldana ta goge hannu a rigarta, ta ɗaga gorar ta dubi abin da ke ciki, ta ajiye masa ita a kan bonet inda ba zai iya kauce wa ganinta ba. Sannan ta ɗauki hular kwanon.

"Ina kuma za ki?"

"Mota goma sha ɗaya ce a wannan rukunin. Ba ka buɗe ko ɗaya ba."

"Aldana, ba za ki iya shiga mota goma sha ɗaya ba."

"A'a. Ɗaya zan shiga. Ban dai san wacce ba tukuna." Ta kifa hular a kai. "Kai ka san wadda ba ta da lafiya a cikinsu?"

Ya dubi gorar da ke kan bonet.

Ta fita daga inuwar rumfar zuwa cikin rana. Motocin sun fara jeruwa, farar nan mai suɗaɗɗun tayoyi ce a gaba, direbanta na ɗaga mata hannu yana murmushi. Ta yi taku goma, ta yi ashirin. Sai ta ji ƙofar mota ta buɗe a bayanta, ta ji tsohon ya zagi gwiwarsa, ya zagi ƙungiyar, ya zagi ranar da ya sa ta a makaranta. Sannan ƙarar akwatin kayan aiki da ake ja a kan siminti.

Ba ta waiwaya ba. Ba ta shirya kallon fuskarsa ba tukuna.